Wasan Sanda a Gindin Dala: Gadon da Daba Ta Ɓata wa Suna

Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, tun da hantsi hanyoyin da suka nufi Dutsen Dala suke cika. Daga Ƙofar Mazugal, daga Gwammaja, daga Bakin Ruwa da Madigawa, yara da 'yan mata da samari ke kwarara cikin sababbin kaya, kowa burinsa ya hau dutsen ya hango birni daga sama. Masu alawa da masu rake na ciniki, makaɗa na nasu.

Sai dai duk uwar da ɗanta ya fita a ranar, hankalinta rabi yana waje. Da an hango ayarin samari tafe, kowanne da gora a kafaɗa, za ka ga mai shago ya fara jawo ƙofa, mai tallan awara ta sauke kaskonta. Ba sai an ga wuƙa ba. Gorar kaɗai ta isa a watse.

A wannan birnin ne kuma liman yake dogara sanda a kan mumbari ranar Juma'a, makiyayi yake ratso titi da tasa a bayan wuya, sarki yake karɓar sandar girma ranar naɗi. Icen bai sauya ba. Abin da ya ɓace shi ne ilimin riƙonsa, domin a da sanda tana da malamai, tana da ladubba, tana da wanda zai ce "ya isa" kowa ya sauke hannu.

Tun daga mai kashe giwa

Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, da labarin sanda ya buɗe. Ya siffanta wani baƙin ƙato, maharbi, wanda yake kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Yawancin Kanawa Barbushe suke jingina wa wannan bajinta, wasu masu nazari kuma suna ganin kakansa Dala ake nufi.

Babu mai hankalin da zai ɗauki labarin a matsayin rahoton ido. Abin lura shi ne, da mutanen suka so nuna ƙarshen ƙarfi da jarumta, sanda suka damƙa wa gwarzonsu. Ga shi kuwa ƙarfe ba baƙo ba ne a gindin Dala, don masu tonon tarihi sun gano wuraren narka tama da suka kai ƙarni na bakwai na Miladiyya a wannan yanki.

Da sarauta ta kafu, kayan yaƙi suka yi ta ƙaruwa. An fara ganuwa a zamanin Gijimasu, cikin ƙarni na 12. Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ake dangantawa da shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Takobi da mashi da doki suka zama na barade da 'ya'yan sarauta. Dakaru suka riƙe baka da kibiya.

Talaka fa? Manomi mai tafiya cin kasuwa, da falke mai bin ayarin goro zuwa Gwanja, da almajiri mai tafiya ci-rani, da mai gadin rumbu, abin da suka dogara da shi gora ce. Ba ta buƙatar maƙeri, ba ta buƙatar izinin fada. Da ita ake gwada zurfin rafi, a kori kare, a kashe maciji, a rataya ƙunshin kaya. Ranar da ɗan fashi ya tare hanya kuma, ita ce makamin da ke hannu.

Makarantu huɗu marasa allo

Sinawa suna da gidan ibadar Shaolin inda aka rubuta dabarun sanda a littafi. A ƙasar Kano ilimin yana cikin sana'o'i ne, kuma duk wanda ya bi sawunsa zai tarar da shi a wurare huɗu.

Na farko rugar Fulani. Yaro yana fara bin maraƙa ake ba shi sanda daidai tsawonsa, yana girma ana sauya masa. Kafin ya kai shekara 15 ya san yadda ake juya bijimi da taɓawa ɗaya a ƙaho, ya san inda ake jifan saniyar da ta nufi shuka ba tare da an karya ta ba. A bakin mashaya samari kan gwada juna, babba yana kallo yana gyara musu riƙo.

A nan ne kuma sharo yake, wanda wasu ke kira shaɗi. Shi ba gwajin iya kariya ba ne, domin wanda za a daka tsayawa yake ƙirji a buɗe, hannu a sama, wani lokaci da madubi yana duba fuskarsa, abokin karawa ya zabga masa tsumagiya a haƙarƙari. Ko gezau. Daga baya shi ma ya rama. Darasin da sharo ke koyarwa shi ne wanda duk mai riƙon sanda yake buƙata kafin komai: zafi ba zai kwashe maka hankali ba, kuma akwai inda ba a duka.

Na biyu dajin farauta. Idan kaka ta wuce aka shiga rani, ƙungiyoyin farauta na birni da ƙauye kan fita da karnuka, su kwana a daji. Makamansu gora da kere da barandami da gariyo. Kere guntun ice ne mai ƙoƙuwa a kai, kuma gwaninta a jifansa: ana sakinsa ƙasa-ƙasa yana juyawa, ya share ƙafafun zomo ko gada tana cikin gudu.

Sai dai babbar fitinar farauta ba daga namun daji take zuwa ba. Rigimar "wa ya fara jifa" ita ce take haɗa ƙungiya da ƙungiya, a ja daga, a gwabza da gora kan abin da bai kai kuɗin jinyar rauni ɗaya ba. Wannan ya sa kowace ƙungiya take da shugaba da ake jin maganarsa, kuma yaron da ya zare makami ba da umarni ba, a gida za a fara hukunta shi.

Na uku tauri. Ɗan tauri yana shan magani don kada ƙarfe ya kama jikinsa, ya fito fili ana kaɗa masa gangi yana kirari, yana gasa wuƙa a ciki tana lanƙwashewa. Ko mutum ya yarda da tauri ko bai yarda ba, akwai abin da su kansu masu abin suka amince da shi: maganin ƙarfe ba ya hana ice shiga. Don haka idan ƙato ya haɗu da ƙato, kowa ya dafu, gora ce take raba gardama. Shi ya sa ake neman sagau, wai hannun mai duka ya sage a sama, da kau-da-bara, wai jifa ya goce. Duniyar waɗannan mazaje ce Kassu Zurmi ya shafe rayuwarsa yana yi wa waƙa.

Na huɗun shi ne wanda mutane ba su cika lissafawa ba, wato rawar takai. Samari kan yi da'ira, kowa da guntuwar sanda, su bi kiɗa suna juyawa: ka buga taka da ta wanda ke gabanka, ka juyo ka tari ta wanda ke bayanka. Wanda ya makara da ƙiftawar ido, a yatsa ko a goshi zai ji. Dagombawan arewacin Gana ma suna da takai, sai dai su sandunan ƙarfe suke haɗawa. Mai kallo rawa yake gani, amma duk wanda ya taɓa riƙe gora ya san horo ne na ƙafa da ido da lokaci.

Kafin a riƙe, sai an gyara

Masu abin ba sa tsintar sanda a hanya. Gorar da ke fitowa a dazukan kudancin ƙasar Hausa tana da kauri a ciki, ramin da ke tsakiyarta kaɗan ne, shi ya sa take jure karo. Wasu sun fi son icen da ke da nauyi, irin su marke da kanya, makiyaya kuma sukan nemi wanda yake ɗan lanƙwasa ya dawo. Ice mai saurin tsagewa ba shi da amfani, don ranar da ya karye a hannunka rabinsa na hannun abokin gaba.

Ana saro shi ɗanye, a gasa shi sama-sama a wuta, a taka a miƙar da shi tun yana da zafi. Ice dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai a ɓare ɓawon, a shafe shi da man shanu ko man gyaɗa, a soke a rufin madafa hayaƙi ya yi ta bugunsa har ya yi ja. Wasu su naɗe mariƙin da fata saboda gumi. Tsawon da aka fi so shi ne daga ƙasa zuwa ƙirjin mai ita ko kafaɗarsa.

Ɗaure kan gora da zoben ƙarfe, ko kafa mata ƙusoshi, wani abu ne daban. Mai yin haka ya riga ya bayyana niyyarsa.

Tazara, kariya, sannan duka

Abu na farko da gwani yake koya wa yaro shi ne tazara. Ƙarfin sanda a bakinta yake, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarshenta. Idan abokin karawa yana nesa da hakan, dukanka iska zai sara. Idan ya shigo jikinka, tsakiyar sandar ce za ta same shi, ba za ta yi masa komai ba, shi kuwa ya riga ya kama ka da kokawa. Saboda haka rabin faɗan a ƙafa yake: taku ɗaya baya, taku ɗaya gefe, kada ka taɓa tsayawa inda ya auna.

Riƙo iri biyu ne. Akwai na hannu ɗaya daga gindi, wanda ke ba da nisa da saurin wulwulawa. Akwai na hannu biyu a ware, sandar a gicciye, wanda ke ba da ƙarfin tarewa, kuma kowane ɓangare na iya zama baki. Gwani yana zame hannu daga wannan zuwa wancan ba tare da ka lura ba.

Kariya ta farko ta kai ce, domin duk wanda bai iya ba, sama yake ɗagawa ya rafko. Ana tarar irin wannan da sanda a karkace bisa kai, yadda dukan zai zame gefe kamar ruwa a kan jinka. Idan ka tare shi a miƙe, duk nauyinsa a wuyan hannunka zai sauka, wataƙila ma sandar ta karye. Yatsu kuma su ne abin tausayi. Sabon shiga ba ya rabuwa da kumburarren babban yatsa, sai ya koyi buɗe tafin hannu a bayan ice lokacin tarewa.

Sai wuraren da ake nema. Mai ilimin abin ba ya fara neman kai. Wuyan hannu yake nema don makami ya faɗi, ko gwiwar hannu, ko ƙwauri, ko idon sawu. Mutumin da aka kwaɗa wa gora a ƙwauri ya gama faɗa, amma zai kwana a gidansa. Akwai yaudara a ciki: ka nuna sama ya ɗaga kariya, ka sauke ƙasa ka share ƙafa. Akwai zunguri da bakin sanda a ciki ko a ƙirji, wanda ya fi kowane duka wuyar gani don a miƙe yake zuwa.

Wulwula sanda a kewayen jiki, wanda yara suke ɗauka ado ne, aikinsa a buɗe fili idan mutum ɗaya ya tsinci kansa a tsakiyar mutane da yawa ko karnuka. Ba ya daɗewa, yana cin numfashi. Ana yi ne a samu kafar fita.

Ka auna wannan da abin da ake gani a faɗan unguwa yau. Yaro ya rintse ido, ya ɗaga gora da hannu biyu, ya nufi ƙeya. Babu tazara, babu kariya, babu tunanin gobe. A ganina duk wanda ya kira wannan "gadon farauta" ya zagi mafarauta.

Inda aka saki hanya

Daba a asalinta matattarar 'yan farauta ce a unguwa, inda suke ɗaure karnuka su yi hira. Siyasa ce ta fara fito da su daga wannan da'ira. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a watan Agustan 1950, gaba tsakaninta da masu goyon bayan NPC da hukumar En'e ta yi tsanani, kowane ɓangare ya nemi ƙarti masu tsaron taro. A nan aka samu 'yan banga, har da ƙungiyar da aka riƙa kira Jam'iyyar Mahaukata a Kano cikin shekarun 1950. Wa za a ɗauka in ba wanda ya riga ya iya gora ba?

A jamhuriya ta biyu, da jam'iyyar PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, abin ya ƙara faɗaɗa. Masanin tarihi Abdulkarim Umar Ɗan'asabe ya bi diddigin wannan sauyi a wani nazari da ya fito a mujallar Kano Studies a 1991, daga farauta zuwa banga zuwa daba. Abin da ya sauya shi ne wanda ake yi wa biyayya. A da dattijon ƙungiya ne, wanda ya san uban kowa. Yanzu mai ba da kuɗi ne, wanda ba ya son jin "a bari".

Sauran dalilan kowa ya san su. Dazukan da ake fita farauta sun koma gonaki da filayen gidaje, sauran kuma, irin su Falgore, doka da rashin tsaro sun taƙaita shigarsu. Birni ya tumbatsa har maƙwabci bai san ɗan maƙwabcinsa ba. Ga zaman banza, ga ƙwaya da sholisho. Wuƙa da adda sun yi arha, kuma ba sa buƙatar shekarun koyo. Yaron da ke son ƙwace waya ba shi da lokacin koyon tazara.

Sakamakon yana kwance a Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala da zaurukan masu ɗori: fasasshen kai, karyayyen hannu, wani lokaci gawa. Yana nan kuma a cikin al'adun da aka rasa. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da hana kiɗan gangi, har da tashe a watan azumi, saboda 'yan daba suna fakewa da su. Yaron da aka haifa a Dala yau zai iya girma bai taɓa ganin takai ba sai a bikin gwamnati.

Duk da haka gora ba ta rasa ranarta ba. A 2013, da matasan Maiduguri suka tashi suka fatattaki Boko Haram daga unguwanninsu, abin da ke hannun yawancinsu ke nan, har aka raɗa musu suna ƙato-da-gora. 'Yan sintirin da ke kwana a bakin lungunan Kano ma da ita suke tsaro. Kusan babu wanda ya taɓa koya musu yadda za su tsayar da ɓarawo da ita ba tare da sun fasa masa kai ba.

Abin da Misirawa suka yi da tasu

Misira tana da wasan sanda da ake kira tahtib. Zanensa yana jikin gine-ginen Fir'auna Sahure a Abusir, wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka nuna shi tare da kokawa da harbin baka a matsayin horon mayaƙa. Daga baya ya zama wasan manoman Sa'id, wato kudancin ƙasar, yankin da shi ma ya san gabar dangi da ɗaukar fansa.

A yau idan ana biki ko maulidin wani waliyyi, kamar na Abul Hajjaj a Luksor, maza biyu kan shiga da'ira da sandar da ta ɗan haura mita ɗaya. Ana busa ana kiɗa, su gaisa, su zagaya juna, sannan su fara. Manufa ita ce ka nuna ka samu kan abokinka, ka wuce ba tare da ka sauke masa dukan ba. Wanda ya fusata, dattawa su fitar da shi. A wannan ƙarnin wani Bamisire mai suna Adel Boulad ya tsara masa darussa da dokokin gasa, mata ma suka shiga. A 2016 UNESCO ta sa tahtib cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Ba su kaɗai ba ne. Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu suna da nasu na sanda biyu, ɗaya ta duka ɗaya ta kariya, wanda Nelson Mandela ya yi yana yaro makiyayi. Tamilawan Indiya suna da silambam, har gasa ake yi a makarantu. Faransawa sun mayar da sandar yawo wasan motsa jiki mai hular kariya da alƙalai.

Wani abin dariya, Kanawa sun fi kowa son kallon wannan fanni idan daga waje ya zo. Duk wanda ya yi zamanin silimun Plaza da Orion da El-Dorado ya san yadda ake cika idan an sa fim ɗin Sin, washegari kuma yaran unguwa su kwashe muciyoyin iyayensu suna kwaikwayo.

Masu cewa a farfaɗo, da masu cewa a bari

Masu son a farfaɗo da wasan suna nuna dambe. Bature Hugh Clapperton ya kalli damben mahauta a Kano a 1824, kuma har kwanan nan ana yi wa dambe kallon wasan 'yan tasha. Yau ga shi ana cika gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari, ana haska shi a YouTube, miliyoyi na kallo daga ƙasashen da ba su san Hausa ba, har kamfanoni na zuba kuɗi. A Nijar kuwa, tun 1975 gwamnati ta ɗauki kokawa ta mayar da ita gasar takobi ta ƙasa, wadda ke tsayar da komai idan ana yi. Ko langa, wasan yara a dandali, ta samu dokoki ta shiga jerin wasannin gargajiya da ake gasarsu a Najeriya. Sanda ce aka bari a baya.

Hujjarsu ita ce, saurayin da jini ke tafasa a jikinsa sai ya nemi inda zai nuna kansa. In an ba shi fili da alƙali da 'yan kallo, a can zai nuna. In ba a ba shi ba, lungu yana nan.

Jami'an tsaro da iyaye da yawa ba su gamsu ba, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Dambe hannu ne, ana tashi kowa ya kwance zarensa. Sanda kuwa makami ce da za a fita da ita daga fili. Ƙungiyoyin da za su zo gasar, su ne waɗanda ke da tsohuwar gaba a tsakaninsu, kuma wanda aka kayar a gaban jama'a ba lallai ya bar maganar a nan ba. An ga yadda kallon ƙwallo kaɗai yake rikiɗewa ya zama faɗan unguwa.

Malamai nasu damuwar ta fi karkata ga abin da ke biyo wasan: layu da tsafi da kirarin da ke kai mutum ga jingina tsarinsa ga wanin Allah, sai kuma cutar da jiki da gangan, wanda shi ne dalilin da ya sa da yawansu ba sa goyon bayan sharo. Horon kansa ba su cika yin inkarinsa ba. Hadisin Habashawan da suka yi wasa da masu a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar idi, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kowane ɗalibi ya san shi.

Tsofaffin mafarauta kuwa abin da ke ci musu rai shi ne an haɗa su da 'yan daba an yi musu kuɗin goro. Mutumin da ya shekara 40 yana bin daji bai taɓa taɓa kayan kowa ba, yau kunya yake ji ya ratsa titi da gorarsa.

Ni dai na fi karkata ga masu cewa a gwada, amma ba da gaggawar da 'yan siyasa suke yin abu ba. Hani kaɗai an daɗe ana yi, gora ba ta ragu a lungu ba. Abin da ya ragu shi ne gangi da takai da dattijon da ke tsawatarwa. Lokacin da rundunar 'yan sandan jihar ta karɓi tuban ɗaruruwan 'yan daba a 2023, har wasan ƙwallo aka shirya da su, wanda ke nuna hukuma da kanta ta san fili yana magani.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da takai, tunda babu wanda ake duka a cikinta, a mayar da ita makarantun firamare da na sakandare. Sannan Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, tare da masu nazarin Hausa na Jami'ar Bayero, su zauna da sauran tsofaffin mafarauta da ardo-ardo na karkarar Kano, a ɗauki riƙonsu da takunsu a bidiyo, da sunan da suke kiran kowace dabara. Waɗanda suka yi farauta kafin siyasa ta shiga cikinta sun haura 80 yanzu.

Gasa kuwa sai daga baya, da sanda mara nauyi, da hular kariya da safar hannu, maki a kan taɓawa, wanda ya yi dukan mugunta a kore shi. Kada a yi ta da sunan unguwa, a bi tsarin dambe inda ɗan wasa yake tsayawa wa Kudu ko Arewa ko Guramaɗa. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin UNESCO a watan Disambar 2024, kuma a cikin ayarin masu tafiya a ƙasa da ke rakiyar hakimai akwai mafarauta da 'yan tauri da gorarsu, suna wucewa ta gaban sarki da baƙin ƙasashen waje babu mai gudu. Masarauta ta san shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya, kuma ta hannunsu ne za a iya kiran zaman farko da kwamishinan 'yan sanda da hukumar wasanni ta jiha.